Kafin a ce kamara ta lalace, a duba lens ɗin da aka ɗaura mata

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a sam min ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato matsalar fokas (saita lens, gilashin gaban kamara, don abin da ake ɗauka ya fito tas) da mu masu ɗaukar hoto na sha'awa muke fama da ita. Ba masu situdiyo nake nufi ba, irinmu dai da muka yi ta tara 'yan kuɗi muka sayi kamara ta hannu don ɗaukar yara da taron suna da hawan sallah.

Bara na sayi Nikon D3200, bayan wata biyu wani mai shago ya ce min ga lens 50mm f/1.8D da araha, shi ne ke narkar da bayan hoto fuska ta fito raɗau, na biya ina murna. Na zo gida na ɗaura, na danna maɓalli rabi kamar yadda aka saba don ta yi fokas, shiru, ko motsi bai yi ba. Na kai wa mai gyara ya riƙe min ita sati biyu ya karɓi kuɗina ya ce ƙura ce, na dawo gida abu na nan yadda yake, wallahi har na fara neman mai saye in rabu da ita a wulaƙance. Sai wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce min lafiyarta ƙalau. Ashe duk kamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000, har da tawa D3200, babu motar fokas a jikinsu, wato ɗan injin da ke juya lens, shi kuma tsohon lens mai harafin D jira yake motar kamara ta juya shi, don haka sai dai ka nemi lens mai rubutun AF-S wanda motarsa na cikinsa, ko ka koma irin su D90 da D7000. Maganar minti ɗaya ce fa, amma wanda ya sayar min bai faɗa ba, kuma ba ni kaɗai aka yi wa haka ba.

Sauran matsalar kuma tamu ce ta rashin sani. Kamara ba ta gane mutum kamar yadda ido ke yi, inda haske da duhu suka haɗu take nema ta kama. Ka saita ta a ƙirjin ango da ya sha farar shadda a ɗakin da ba wuta, sai ka ji lens yana ta kai da komo ya rasa abin kamawa, alhali da ka ɗora ɗigon fokas da kake gani in ka leƙa kamara a kan ido ko aikin wuyan riga ko zanen hula da tuni ta kama. Canon 600D da ta cika hannun mutane ɗigo 9 gare ta, na tsakiya ne mai ƙarfin, in ka bar mata zaɓi kuma abin da ya fi kusa take cafkewa, shi ya sa za ka ga hannun mai riƙe da waya ya fito tas amarya ta yi dishi-dishi. A Hawan Daushe doki na tahowa a sukwane, in ba ka mayar da ita tsarin da ke bin abu mai motsi ba, wato AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon, kafin ka danna ya bar wurin da ka saita.

Shi kansa f/1.8 ɗin da muke rububi, wato ramin lens a buɗe sosai, in kana kusa da mutum wurin da ke fitowa tsaf bai wuce faɗin tafin hannu ba, ka jera mutum goma layi biyu dole na baya su ɓace, a rufe shi zuwa f/5.6 ko f/8.

Roƙona ga masu shagon kamara shi ne ku ji tsoron Allah ku riƙa tambayar mutum wace kamara gare shi kafin ku miƙa masa lens, ku bar shi ya ɗaura ya gwada a gabanku. Kai kuma Edita, littafin da ke zuwa da kamara babu Hausa a ciki, ta hannu ma sau tari ba ta zuwa da shi sam, don Allah ku ware mana ko rabin shafi a wata ku gayyato tsofaffin masu hoto su yi mana bayani da harshenmu, musamman kafin sallah ta ƙarato.

Naku mai karatu kullum, daga Kano.