Kafin a zagi zirin fitilun LED, a duba wutar da aka ba shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu ƙawata shaguna da ɗakunan biki a Kano, ganin yadda fitilu masu gudu da canza launi suka cika allunan shaguna daga Sabon Gari har titin Gidan Zoo. Kukansu ɗaya ne: ziri ya fara ƙiftawa, ko ƙarshensa ya yi jaja-jaja, sai a ce kayan jabu ne. Galibi kayan lafiyarsu lau, wutar ce ba ta ishe su ba.

Zirin da nake nufi shi ne WS2812B mai aiki da bolt 5. Kowane ƙwai yana da ɗan guntunsa a ciki mai sarrafa ja, kore da shuɗi. Allon Arduino ko ESP32, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa fitilun, yana tura umarni ta waya ɗaya, ƙwan farko ya ɗebi nasa ya miƙa sauran gaba. Shi ya sa dole a bi kibiyar da ke jikin zirin, a shiga ta DIN, wato bakin da umarni ke shiga. Kuma ƙwai ɗaya ya mutu, duk na bayansa su daina jin umarni.

Ga lissafin da ake tsallakewa. Ƙwai ɗaya, in an ƙure shi da farin haske, yana jan kusan miliamfa 60 (miliamfa 1000 ne amfa ɗaya). Naɗin mita 5 mai ƙwai 60 a kowace mita ƙwai 300 ke nan, wato amfa 18. Cajar waya kuwa amfa 1 ko 2 take bayarwa, USB ɗin kwamfuta rabin amfa. Wanda ya ja wutar zirin ta cikin allon Arduino ƙona allon zai yi. A nemi na'urar wuta mai bolt 5 da amfa 20, a sa fis, a ja waya mai kauri kai tsaye zuwa zirin. Wannan ma bai wadatar ba, domin jan-ƙarfen da ke cikin zirin siriri ne, wuta tana raguwa a hanya kamar ruwan famfo a gidan ƙarshen layi. Shuɗi da kore ne ke fara karaya, fari ya koma ruwan ɗorawa ko ja. Maganinsa a shigar da wuta ta farko da ƙarshe, in zirin ya yi tsawo har ta tsakiya.

Ƙiftawa kuma yawanci daga GND take, wato wayar negatif. Dole a haɗa GND na allon Arduino ko ESP32 da na na'urar wutar. A sa resista mai om 330 zuwa 470 a kan wayar umarni dab da ƙwan farko, da kafasita mai maikrofarad 1000 a bakin wutar, don ta shanye bugun da ke zuwa lokacin kunnawa, abin da muke fama da shi kullum wajen sauyawa daga NEPA zuwa janareto. Kuɗin su biyun bai kai na mita ɗaya ta ziri ba, amma an fi jin ƙyashin sayensu.

Masu ESP32 su lura: bolt 3.3 yake fitarwa, zirin kuwa yana son kusan 3.5 kafin ya tabbatar da umarni. A sa guntun 74AHCT125 tsakani, ya ɗaga umarnin zuwa bolt 5. A manhajar FastLED, wadda ake tsara umarnin fitilun da ita, a rubuta jerin launi GRB (kore, ja, shuɗi), in ba haka ba a nemi ja a ga kore. A can ma ana iya ƙayyade iyakar amfa, kuma ina ba da shawarar a rage haske zuwa rabi, domin a zafin Afrilu ziri mai cikakken haske a jikin allon da ya wuni a rana ba ya daɗewa.

Ga aikin waje, a sayi ziri mai rufin IP67, wanda ke hana ruwa da ƙura shiga, a liƙa mahaɗa da dalma a toshe da silikon kafin damina. In allon shagon ya wuce mita 5, zirin WS2815 mai bolt 12 ya fi, yana da wayar umarni ta biyu, ƙwai ɗaya ya mutu sauran su ci gaba da aiki.

Na gode.

Mai gyaran kayan lantarki,
Sabon Gari, Kano