Godiya ga masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki da suka faɗa mini gaskiya

Zuwa ga mai shago da dukan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya kuma fama da wannan zafi?

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole, mu kuwa masu kiran a zo a yi mana gyara mun fi saurin ɗaga murya idan an ɓata mana. In an kyautata mana sai mu yi gum.

Na'urarmu ta daina sanyi ne a tsakiyar bazara. Fankar cikin ɗaki tana juyawa, iska tana fitowa, amma mai ɗumi. Injin da ke waje kuma sai ya yi gurnani kaɗan ya yi shiru. Duk wanda na ba labari amsa ɗaya yake ba ni: gas ya ƙare, a ƙara gas. Malam, kai kaɗai ne ka ce ba za ka yanke hukunci ba sai ka auna. Ka sa yaronka ya kashe wuta, ya buɗe murfin gefe, ya sauke cajin da ke cikin kafasita, wata 'yar na'ura mai ajiye wutar lantarki, kafin ya sa hannu, domin takan riƙe wuta ko bayan an cire na'ura daga soket. Da ya ciro ta, ka miƙo mini na gani da idona: samanta ya kumbura, ya yi tozo maimakon ya kwanta daidai. Ka ɗora mita a kanta, lambar da ta nuna ba ta ko kusa da wadda ke rubuce a jikinta. Ka ce aikinta kamar na masu tura mota ne don ta tashi, in babu ita kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, sai dai ta yi ta nishi. Aka sa sabuwa mai lamba iri ɗaya, injin ya tashi nan take.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Ka jona ma'aunin gas na'urar tana aiki, ka duba, ka ce gas ɗinka lafiya lau, ba na sayar maka da abin da ba ka buƙata. Ka kuma yi mini bayanin da nake so duk mai irin wannan na'ura ya ji. Gas ɗin ba mai ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, ya kwaso zafin ɗaki ya kai shi waje ya zubar, ya sake dawowa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututun, inda akan ga ɗan maiƙo ko a shafa kumfar sabulu a ga tana tasowa. Mai gyaran da ya ƙara gas bai toshe wurin ba, ya dai ajiye wa kansa wani aikin ne nan gaba.

Ka nuna mini takardar da ke manne a jikin injin, inda aka rubuta R-22, wato sunan gas ɗin da ke cikinta. Ka ce tsohon yayi ne, sababbi sun koma R-410A da R-32, kuma ba a gauraya su. Gaskiyarka. R-22 yana cikin sinadaran da ke lalata rufin ozon na sararin samaniya, waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janyewa. Ƙasashe masu arziki sun daina yin sa a 2020, masu tasowa kuma an ba su zuwa 2030. Shi ya sa na ji daɗin shawararka cewa in ci gaba da amfani da ita tunda da sauranta, amma ranar da kwamfuresa ta mutu kada in zuba kuɗi a kanta.

Yaranka ba su tafi ba sai da suka wanke ragar tace ƙura, suka fesa wa injin waje ruwa har dauɗar da ta toshe shi ta fita, suka zuge bututun da ke fitar da ruwa, wanda ya daɗe yana ɗiga mana a bango. Mutane kan ɗauki wannan ruwa a matsayin matsala, alhali danshin iskar ɗaki ne na'urar ke tatsewa. Hasali ma don rage danshi Willis Carrier ya ƙera ta farko a 1902, saboda wata maɗaba'a a Buruklin ta Amurka da takardunta ke shan laima.

Wataƙila da ban ga girman abin da kuka yi ba in ba don wahalar da muka sha a hannun wasu ba a wannan tsakanin. Zafi ya hana uwargida tsayuwa a kicin, ni ma ban ga laifinta ba, sai muka koma yin odar abinci ta manhajar wani kamfani. A rubuta maka lokacin isowa, lokacin ya yi, sai ka ga an matsa shi gaba ba tare da ko sannu ba. Yara sun yi jugum, ana ta leƙen waya. Idan abincin ya iso, ba zafi ba sanyi, murfi ya buɗe, leda ta jiƙe. Ka kai kuka, saƙon da inji ya rubuta ne zai ba ka haƙuri.

Ba ɗan aiken nake zargi ba. Bawan Allah yana kan babur cikin rana tsaka, an lafta masa oda fiye da ƙima. Kamfanin da ya yi alkawarin lokacin da ya san ba zai cika ba, shi ne da laifi. Kuma abin ya wuce ɓacin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, don tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Akwai daren da muka zubar da abin da aka kawo saboda ƙaramin yaronmu.

Ku kuwa, da na kira, baiwar Allahn da ta ɗauki waya cewa ta yi yau kam aiki ya yi mana yawa, ba za mu samu zuwa ba, sai gobe da hantsi. A lokacin ban so jin haka ba, amma na san matsayina, muka shimfiɗa wa yara a inda ya fi iska. Da hantsin kuwa sai ga ku. A gaishe mini da ita, a kuma gaishe da yaron da ya tsaya ya koya wa babban ɗana cire ragar nan da mayar da ita, ya kuma gargaɗe shi cewa in an kashe na'ura a ba ta kamar minti 3 kafin a sake kunnawa.

Na riga na ba maƙwabta lambarku, sai ku shirya. Kafin bazara mai zuwa ta kama zan kira ku ku zo ku yi mata sabis tun layi bai yi tsawo ba. Allah ya sa wa sana'arku albarka, ya tsare ku daga haɗarin wuta da na hawa sama, ya yaye yaranku lafiya.

Naku,
Wani magidanci da kuka yi wa aiki