A zana taswirar tsirran fadamar Haɗeja da Nguru

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin Jigawa da Yobe su haɗa hannu wajen rarrabe tsirran da ke bakin kogi da cikin fadama, su kuma zana taswirarsu.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta canza hali. Ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu rassan kogin, kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa har ta ci gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. A ganina kuskure ne a kira wannan yanki duka fadama kawai, domin kwarin da giyayya da bagaruwa ke jure tsayuwar ruwa daban yake da tudun da goruba ke fitowa, kuma makiyayar ciyawar burgu da Fulani ke dogara da ita da rani wani abu ne daban.

Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna iyakokin kowane kashi, amma sai ma'aikata sun shiga kwale-kwale tare da masunta da makiyaya, waɗanda suka san sunan kowace ciyawa, kafin a amince da shi. A buga taswirar da Hausa, a ajiye kwafi wurin hakimai.

Naka,
Wani mai karatu daga Haɗeja