Katin bashi ba katin ATM ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin ma'aikatan Birnin Kebbi, Argungu da Yauri da bankuna ke tallata wa katin bashi.

Katin ATM da muka saba da shi, Verve ko Mastercard, kuɗinka yake ci. In asusu ya ƙare, mai POS ya miƙo maka abinka. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne, ana yanka maka iyaka gwargwadon albashinka.

Kafin ka sa hannu, tambayi kuɗin ruwa na wata, da cajin shekara, da kwanakin da aka ba ka ka biya ba ruwa. Inda ake faɗawa rami shi ne biyan mafi ƙarancin abin da banki ya nema. A misali, bashin N100,000 a kan kashi 3 cikin ɗari a wata, ruwansa N3,000 ne. Ka biya N5,000, uwar kuɗi N2,000 kacal ta ragu. Cire tsabar kuɗi da katin bashi ya fi muni, don galibi ruwa na fara hawa tun ranar, ga cajin cirewa.

Gudu kuma ba ya fisshe ka. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya amince a bi lambar shaidarka ta banki, wato BVN, a cire bashi daga asusunka na wani banki.

Ga batun riba kuma, wanda a ganina ya isa mutum ya tsaya ga katin ATM, ko ya nemi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin su Jaiz.

Naku,
Wani mai karatu, Birnin Kebbi