A Bincika Maganin Masassara Tun Yana Aiki, Kada a Jira Sai Ya Gaza

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin hukumomin kiwon lafiya, da malaman jami'a, da iyayen yara, kan wani lamari da ya daɗe yana damuna a matsayina na wanda ya yi shekaru yana aikin gwajin jini a jihar Maraɗi. Magungunan da muke dogaro da su wajen yaƙar masassarar cizon sauro suna aiki a yau, amma babu wanda ya ba mu tabbacin cewa za su ci gaba da aiki, kuma hanya ɗaya da za mu san halin da suke ciki ita ce bincike na dindindin a kan jinin yaranmu, a nan ƙasarmu.

Ƙwayar da ke haddasa wannan masassara tana cikin dangin ƙananan halittu masu tantani ɗaya da masana ke kira furotozowa, kuma ta fi bakteriya sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ne ya fara ganin ta cikin jinin marar lafiya a Aljeriya a shekarar 1880, sannan a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a ƙasar Indiya. Idan macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar takan wuce hanta ta hayayyafa ba tare da an ji komai ba, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin su tana fasa su. Nau'in da ya fi yawa a wurinmu, wato falsifarum, yakan sa ƙwayoyin jinin su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaron da ya wuni yana wasa zai iya kwana yana jijjiga, iyaye su ce iska ce ta taɓa shi. Wanda ya taɓa sa ido a madubin gwaji cikin watan Satumba ya san yadda ɗigon jinin irin wannan yaro yake, cike da ƙwayoyin cutar masu kama da ƙananan zobba ko'ina, ga tafin hannunsa fari fat saboda ƙarancin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 cutar ta kashe mutane kimanin 597,000 a duniya, kuma ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi, Nijar tana ta uku bayan Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da kusan kashi 6 cikin 100.

Manyanmu ba su manta da Nivaquine ba, wato klorokin. Shekaru da dama klorokin shi ne maganin kowane gida, ga araha ga sauƙin samu. Tun ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar cutar ta fara jure masa a kan iyakar Kambodiya da Tailan, a 1978 jurewar ta bayyana a Gabashin Afirka, kafin shekarun 1980 su ƙare ta iso Afirka ta Yamma. Abin baƙin ciki shi ne an ci gaba da ba yara maganin da ya riga ya mutu har tsawon shekaru, domin ba a auna shi a kai a kai. Binciken da aka yi a wasu yankunan karkara na Senegal ya nuna cewa mace-macen yara sanadin masassara ya ninka sau biyu bayan zuwan wannan jurewa, a wani yankin ma fiye da sau biyar. Waɗannan yara an kai su likita, an ba su magani, sun sha, suka rasu duk da haka.

Abin da ya cece mu shi ne sinadarin atemisinin, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta ciro tare da abokan aikinta a 1972 daga wani ganye ɗan uwan tazargade, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Ana haɗa shi da wani maganin daban, kamar yadda yake a Coartem, domin na farkon ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar cikin hanzari, na biyun kuma ya daɗe a jiki ya share sauran. A 2010 wani babban gwaji da aka yi a kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka ya tabbatar da cewa allurar atesunat, wadda ake samarwa daga atemisinin, ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta ta da kinin, dalilin da ya sa ta zama maganin farko ga masassara mai tsanani. To amma tarihi ya fara maimaita kansa. An ga raunin atemisinin a yammacin Kambodiya tun wajajen 2008, yanzu kuma an tabbatar da shi a Ruwanda da Uganda da Eritiriya da Tanzaniya, inda masana suka gano sauyi a wani sashe na gadon ƙwayar cutar da ake kira kelch13. Har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman don tunkarar wannan barazana a Afirka. Hanyar da jurewar klorokin ta bi ta iso mana ke nan, daga gabas zuwa yamma.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, muna taimaka wa cutar da hannunmu. Cikakken maganin babba ƙwaya 24 ne, a sha sau shida cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. Amma a tashar mota da bakin kasuwa za ka ga mai tallar magani da tirensa a ka, rana ta gasa kwalayen tun safe, ya sa almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daidai kuɗin da mai saye ya miƙa, ya ƙara masa da farasitamol. Zazzaɓin ya sauka, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayoyin da suka fi taurin kai sun tsira, sauro kuma ya kwashe su ya kai gidan maƙwabci. Ba na zargin talakan da ya sayi abin da aljihunsa ya iya, domin sau da yawa ya je likita an ce magani ya ƙare. Laifin yana kan tsarin da ya bar shi ba shi da wata mafita.

Haka lamarin yake ga maganin rigakafin damina da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Gundumomin Madarunfa da Gidan Runji suna cikin wuraren da aka fara wannan aiki a Nijar a 2013, shekara ɗaya bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara kafin wannan lokaci ya san ya rage cunkoso. Sai dai masu rabawa suna ba da na ranar farko ne a gabansu, na rana ta biyu da ta uku su bar wa uwa. Wata uwar takan ga yaron ya yi amai ta daina, wata kuma ta ƙulle sauran a bakin zane ta ajiye don ranar da zazzaɓi zai zo. Ɗaya daga cikin magungunan biyu da ake haɗawa, wanda aka fi sani da Fansidar, ya riga ya yi rauni a Gabashin Afirka, saboda haka wajibi ne a riƙa duba ƙarfinsa a nan kowace damina.

Binciken da nake nufi ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Ana ɗaukar yaran da gwaji ya tabbatar suna da cutar, da yardar iyayensu, a ba su magani a gaban ma'aikaci, a duba jininsu a rana ta uku, a ci gaba da bibiyarsu har kwana 28, a kuma ajiye ɗigon jini a kan takarda domin a aika ɗakin binciken gadon ƙwayar cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a maimaita wannan aiki duk bayan shekara biyu, kuma idan maganin ya gaza a fiye da kashi 10 cikin 100 na marasa lafiya, a sauya shi. Maraɗi tana da abin da ake bukata. Cibiyar binciken cututtuka ta Epicentre tana da reshen bincike a garin nan, kuma a gundumar Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar rotabairos mai jure zafi, wanda sakamakonsa ya fito a 2017 duniya ta amfana da shi. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun nuna abin da ƙaramin gari zai iya, domin a Nanoro, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, aka yi gwajin da ya fito da darajar rigakafin masassara na R21, wanda aka amince da shi a 2023, shekara biyu bayan na farko mai suna RTS,S. Nijar ta fara ba yara rigakafin masassara a Gaya cikin 2024, abin a yaba ne, amma rigakafin yana rage cutar ne kawai, ba ya maye gurbin sange ko magani.

Akwai kuma dangin wannan ƙwaya da ke zaune a hanji, waɗanda kusan babu mai maganarsu. Amiba mai kawo atuni, da wata ƙwayar mai suna jiyadiya, suna jin Flagyl, ko da yake shi ma ana shan sa barkatai ga kowane ciwon ciki. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce kiriftosforidiyom. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya haɗa da Mali da Gambiya, ya nuna cewa ita ce ta biyu bayan rotabairos wajen haddasa gudawa mai tsanani ga jarirai. Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa ba ya kashe ta yadda ya kamata, ba ta da rigakafi, kuma magani ɗaya tilo da aka amince da shi, nitazozanid, ba ya aiki sosai ga yaro mai tamowa. A jihar da ɗakunan tamowa ke cika kowace damina, wannan cutarmu ce, kuma ya dace a ce ana neman ta a bayan gidan kowane yaron da aka kwantar da gudawa, domin mu san yawanta. Ciwon barci, wanda shi ma furotozowa ce ke kawo shi, ya isa shaida cewa cutar talaka ma tana samun magani idan an dage da bincike. A da allurar melasofurol mai guba ce ake yi, tana kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa, amma a 2018 aka amince da feksinidazol, ƙwayar da ake haɗiya cikin kwana goma.

Game da maganin gargajiya, tunda atemisinin kansa daga ganye ya fito, saiwoyi da ganyayen da masu maganinmu suka gada sun cancanci a kai su ɗakin bincike a auna. Sai dai shan jiƙon tazargade a madadin cikakken magani yana ba ƙwayar cutar ɗan abin da zai koya mata jurewa ne kawai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayansa ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da shirin ƙasa na yaƙi da masassara da su ware kuɗi daga baitulmalin ƙasa domin auna ingancin magunguna a jihar Maraɗi duk shekara biyu, kada aikin ya tsaya duk lokacin da tallafin waje ya yanke. Ina roƙon jami'armu ta horar da matasa masu gwajin jini da masu binciken ƙwayoyin cuta, a kuma riƙa karanta sakamakon kowane bincike da Hausa a gidajen rediyo, domin iyayen da suka ba da jinin 'ya'yansu su ji abin da aka gano. Sarakuna da limamai kuma su taimaka wajen tunatar da jama'a cewa a yi gwaji kafin a sha magani, kuma a sha shi har ƙwayar ƙarshe.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar