Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan bugun hannu cikin ruwa mai motsi

Daga Yamai

Assalamu alaikum. Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, kuma na ji niyyarka ta shiga gasar iyo daga Dakar zuwa tsibirin Gore. Ban hana ka ba, sai dai akwai wata ɗabi'a a iyonka da nake so ka gyara kafin ranar.

Tun kana koyo a pisin nan Yamai, wato ginannen wurin iyo, kake alfahari da cewa kana kai ƙarshen ruwa da bugun hannu kaɗan, domin kana miƙa hannu, ka ɗan dakata, jikinka ya sulale kafin ka kawo ɗayan. A ruwan da yake kwance wannan yana da kyaun gani, amma a teku dakatawar nan ita ce ƙofar da igiyar ruwa ke shiga ta tsayar da kai, sai ka ɓata ƙarfi wajen sake tayar da jikin da ya riga ya tsaya.

Saurin mai iyo abu biyu ne ke haifar da shi: yawan bugun da yake yi a minti ɗaya, da nisan da kowane bugu ke kai shi. Idan ka yi bugu 60, kowane yana kai ka mita ɗaya, ka ci mita 60. Idan ka ƙara zuwa 70, nisan ya ragu zuwa santimita 90, ka ci mita 63. Amma idan garaje ya kai ka 80, hannunka yana zamewa har nisan ya faɗo santimita 70, mita 56 kawai ka samu, ga haki. Saboda haka ba ina cewa ka yi ta fafutuka kamar kazar da ta faɗa randa ba.

Ka tuna Sorkawan da muke tsayawa kallo kusa da gadar Kennedy a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogin Isa ke cika ya yi ja. In suna haurawa gaba da ruwa, filafili ba ya hutawa, tuƙin gajere ne, a kai a kai, amma kowane yana kama ruwa sosai. In sun juyo suna bin ruwa, sai su tsawaita shi. Babu wanda ya koya musu lissafi, kogin ne malaminsu. Haka ma a gasar kilomita 10 ta Olamfik ɗin Paris a 2024, masu iyo sun riƙa raɓa gefen kogin Seine in suna haurawa, inda ƙarfin ruwa ya fi sauƙi. Kuma kada ka ɗauka pisin ya ɓata ka, domin Oussama Mellouli na Tunisiya ya ci zinaren Olamfik a mita 1500 cikin pisin a Beijing a 2008, sannan ya ci na kilomita 10 cikin tafki a Landan a 2012.

Ga abin da za ka yi. Ka sa abokinka ya riƙe agogo, ya ƙirga bugunka a mita 100, sannan ka riƙa ƙara biyu ko uku a minti, ta hanyar cire dakatawar nan ta gaba, ba ta hanyar yanke jan da kake yi ƙarƙashin ruwa ba. Inda bugu ya ƙaru amma lokaci bai ragu ba, nan ne iyakarka a yanzu, sai ka koma ƙasa kaɗan ka zauna a kai har numfashinka ya saba. Ka gwada shi a teku ranar da ake iska, kana ɗaga idanu kawai sama da ruwa don duba hanya, saboda ɗaga kai duka yana nutsar da ƙafafu.

Kada ka shiga tekun kai kaɗai. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ita ba ta yarda ba tukuna. Ka aiko mini da ƙidayar da abokinka ya samu.

Mahaifinka