Alat ɗin bogi ya ci mini turmi uku

Ya Edita,

Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Ranar Laraba wani matashi ya zo, ya sha shadda, ya zaɓi turmi uku, ya ce zai turo kuɗin ta banki. Wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan bankina, adadin daidai. Har ruwan sanyi na saya masa! Da yamma na duba asusuna, ko sisi bai shiga ba.

'Yan uwana 'yan kasuwa, ana ƙirƙirar saƙon waya, haka hoton rasit. Ku buɗe manhajar bankinku, ku ga kuɗin da idonku kafin kaya su fita. In mai saye yana sauri, ga benci nan, ya jira.

Naka,
Mai shagon atamfa, Kano